Tulun Gindin Bango

"Mama, yayana da aka sa a gindin bango, shi ma sabon ɗaki za a gina masa?"

Aliya ce ta yi tambayar, ƴata mai shekara biyar, da ƙarfi kuma, a gaban maza. Muna tsaye a tsakar gidanmu na Birni, gidan da aka haife ni, ko in ce abin da damina ta rage mana a cikinsa. Baba Alkasum maƙwabcinmu yana riƙe da bakin igiya. Wani ma'aikaci mai suna Nomau, da ya zo cin rani daga Dogo, yana buga turke. Yayana Rashid ya durƙusa ya rufe ido ɗaya yana duba ko igiyar ta miƙe. Duk suka tsaya cak.

Na finciko hannunta har ta ce wayyo. Ba haushinta na ji ba. Kunya ce ta rufe ni.

Aliya ba ita ce ta fari ba. Kafin ita na haifi namiji a wannan gidan, don haihuwar fari gaban iyaye ake yin ta. Bai kai ranar suna ba. Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi da kansa ya haƙa masa wuri a gindin bangon arewa, kamar yadda tsofaffin gidajen unguwarmu suke yi wa jinjirin da bai daɗe ba. Ba a nuna wa uwa, uwa kuma ba ta tambaya, balle a kan ɗan fari. Innarmu Hajjo ta kifa wani tsohon tulu a wurin don kada a zuba ruwan wanke-wanke. Da na yi arba'in na koma ɗakin aurena a unguwar Zango. In na zo gida sai in gaishe da Inna, in zauna na ba wa wannan gefen baya. Daga baya awaki suka fasa tulun, aka share. Ban taɓa furta zancen yaron nan da bakina ba. A bakin Inna Aliya ta tsinta.

Rashid ya miƙe a hankali. A lokacin da abin ya faru yana karatu a Yamai.

"Rahama, ba maƙabarta aka kai shi ba?"

Na girgiza kai.

"Kuma ba wanda ya gaya mini? Ni na tsaya gaban mai unguwa na yarda da wannan igiyar fa."

Bangon da ya raba gidanmu da na Baba Alkasum na ƙasa ne, na kakanni. Gindinsa mutum zai iya kwanciya a kai ya yi juyi, don kowace shekara ana ƙara masa yaɓe ta nan da ta can. Ruwan Agusta ya jiƙa shi har ya zauna, ya zama tudun laka, aka kwashe da amalanke. Sabon da za a yi na tubalin siminti ne, kaurinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. To a ina za a dasa siririn bango a cikin faffaɗan gurbin tsoho? Mai unguwa ya ce kakan Baba Alkasum ne ya yi ginin a ƙasarsa, don haka igiya ta bi ta fuskar da ke kallon gidanmu. Wato daidai inda tulun yake. A jikin sabon bangon kuma Baba Alkasum zai haƙa ramin masai, don duk sauran gefen gidansa ɗakuna ne.

Baba Alkasum ya saki igiyar. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Innalillahi. Ƴata, nuna mini wurin. Wallahi diga ba za ta taɓa shi ba."

Na dubi filin. Ƙasa ce shimfiɗe, ja, iri ɗaya tun daga zaure har ƙofar ɗakin Inna, wanda shi kaɗai ya tsira. Babu turken akuya, babu murhu, babu randa. Na kasa gane wurin.

Aka fito da Inna. Idanunta sun yi yana, da sanda take tafiya. Da aka gaya mata abin da ake nema, sai ta ce, "Ai ba wuya. Inda bangon ya yi ciki, gaba kaɗan da turken jar akuya."

"Inna, babu bangon," in ji Rashid.

"Na san babu, ai ban haukace ba."

Ta soma tafiya, hannunta na hagu a miƙe tana laluben iska a inda bangon ya kamata ya kasance. Ta yi gaba, ta tsaya, ta dawo baya. Ta sake yin gaba har sandarta ta harɗe da igiyar. Sai ta sauke hannun.

"Da tafin hannu na san shi," ta ce. "Ku mayar da ni ɗaki."

Baba Alkasum ba mugun mutum ba ne, kada wani ya karanta wannan ya zage shi. Iyalinsa tun damina suke kwana ƙarƙashin tanti. Ƴammatansa gidajen mutane suke zuwa kama ruwa. Ya sayi siminti, ma'aikata suna jira. Ya ce zai tsayar da aikin zuwa Asabar, in mun gano wurin zai kauce masa ko da bangon zai karkace.

A kan kabu-kabu, babur ɗin haya, muna komawa Zango na tuna da hoton. Yana rataye a ɗakina, saman gado. Ranar ƙaramar Sallah aka ɗauke shi, shekarar da ta biyo bayan rashin, ƙawata Wasila ta ɗauka da salularta. Ni da Inna da matan gida, har da Inna Delu, muna zaune a tabarma, ƙofar ɗakin Inna tana can bayanmu, bangon arewa ya taho ta hannun hagu. Na sauko da shi na goge gilashin da bakin zane. Ga tulun nan a gefe, kifaffe, baƙi, kamar kan mutum ya leƙo.

Rashid yana da shago a Zango, ɗan ƙuƙut, tsakanin mai ɗinki da mai gyaran salula. Montaj, wato harhaɗa hoto da bidiyo, yake yi wa mawaƙa da masu tallan kaya. Shi ne yake sa mota mai sheƙi a ƙofar gidan mawaƙin da ko keke ba shi da shi, ko ya ɗora bene a filin da ba a sa tubali ko ɗaya ba don mai filin ya ga yadda zai fito. Inna takan ce sana'ar ƙarya ce aka saya mata ordinater, wato kwamfuta. Da na ajiye masa hoton a tebur, fuskarsa ta washe.

"Ke, wannan ai abincina ne. Zauna."

Na zauna a benci, na ɗora Aliya a cinya.

"Kin ga, a cikin ordinater ɗin nan akwai kamara, amma ba ta da jiki, ba a taɓa ta. In zan sa mota a hoton titi, sai na fara gano inda mai ɗaukar hoton ya tsaya, a tsaye yake ko a durƙushe, ina ya fuskanta, idon kamararsa mai faɗi ne ko mai jawo nesa. In na ajiye tawa daidai inda tasa ta tsaya, motar za ta zauna a ƙasa daram. In na kuskure, sai ki gan ta tana shawagi kamar ta aljanu."

"To ina ruwan wannan da tulu?"

"In na san inda Wasila ta tsaya, sai in ja layi daga idonta zuwa gindin tulun. Inda layin ya soki ƙasa, nan ne. Mu ɗauki metir mu je mu auna daga ƙofar Inna. Shi ke nan."

Yadda ya faɗe shi, har na ji yunwa ta kama ni, don tun safe ban sa komai a bakina ba. Na aika aka sayo mana ƙosai.

Washegari da hantsi ya je Birni ya auno ƙofar Inna, ta ƙarfe ce, tsawo da faɗi da dokin ƙofa. Ya auno bakin ɗakin da filin duka har zaure. Ya ciro hoton daga gilashi ya shigar da shi cikin ordinater, ya buɗe shi ya cika allo. Ya ce abu na farko layuka ne. Duk layukan da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a fili, a hoto sukan je su haɗu a wuri guda can nesa, kamar gefe da gefen kwalta in ka hangi hanyar Tanut. Wurin haɗuwar nan shi ke gaya masa ina kamara ta kalla. Ya ɗora jan layi a saman bango, ya nemi wani a tsakiyarsa. Suka haɗu a saman kan Inna. Ya ɗan gyara, don saman bangon ya yi tozo a wani wuri, sai suka haɗu can wajen hoton. Ya sake, suka ƙi haɗuwa sam.

"Kai, kakan Baba Alkasum ɗin nan," ya ce. "Da hannu ya yi gini, ko igiya bai ja ba. Babu miƙaƙƙen abu ko ɗaya a gidan nan."

"Tabarmar fa?"

"Kun zauna a kanta kun rufe. Dubi Inna Delu, ita kaɗai ta cinye kusurwa biyu."

Aliya ta ƙyalƙyale da dariya. Ni ma na yi, don har lokacin ina ganin ƙaramar matsala ce.

Ya ce ba komai, ƙofar ta isa. Ya gina ta a cikin ordinater da koren zare, daidai da awon da ya yi, ya jawo ta kan ƙofar da ke hoton. Ta ƙi zama. In faɗi ya yi daidai, sai tsawo ya gaza. In tsawo ya yi daidai, sai faɗi ya wuce. Ya juya kamararsa ta nan, ya juya ta can. Can sai ya daina taɓa komai, ya zuba wa fuskata ta cikin hoton ido, ya juyo ya kalli tawa.

"Rahama, tsakani da Allah, yaushe kika taɓa zama siririya haka?"

"Ban son wulaƙanci, Yaya."

"Ba wasa nake ba. Dubi wuyanki. Dubi Inna, kamar an rataye ta ta bushe. Wa ya wanke hoton nan?"

Wani mai studiyo ne a bakin kasuwa. Hoton salula da takardar wanki ba girmansu ɗaya ba, su kuwa ba sa son barin fari a gefe, sai su ja hoton ya cika takardar, abin da ya yi saura su datse. Haka suke yi wa kowa, mata ma suna so, don yana ƙara tsawo. Sannan su zagaye shi da furanni. Namu jajaye ne manya-manya, sun taru a ƙasa, da rubutun Barka da Sallah da ruwan zinariya. Shekara da shekaru ina kallon hoton nan ban lura ba sai da Rashid ya sa yatsa: furannin sun rufe ƙafafunmu, sun rufe dokin ƙofa, sun rufe gindin tulun. Bayansa kawai ake gani. Inda ya taɓa ƙasa yana ƙarƙashin fure.

"Cire furen mana," na ce.

"In na cire, rami ne. Babu komai a bayansa."

"Ai na ga kana cire mutum daga hoto, bango ya fito."

"Ƙirƙirar bangon nake yi, Rahama. In kina so in ƙirƙira miki ƙasa, yanzu zan yi, ta yi kyau. Amma ba ita ba ce."

Muka nufi studiyon da rana tsaka. Mai shagon ya yi mana kirki, ya ba mu kujera, ya ce ordinater ɗin wancan lokacin ta ƙone tun tuni, kuma ko da tana nan, ba ya ajiye hoton mutane ya wuce wata. Ya tambaya ko muna son ya sake wanke mana shi babba.

Sai Wasila. Tana aure a Maradi yanzu. Rashid ya sa salular a kan tebur ya buɗe murya.

"Wasila, Rashid ne. Hoton Sallar nan da kika ɗauka a gidanmu, yana wurinki?"

"Lale, Yaya Rashid mai sa talaka a jirgin sama! Wane hoto? Ni da ban san inda na ajiye ɗan kunnen jiya ba."

"To wace irin salula ce?"

"Wadda ta faɗa randa ko wadda aka sace mini a kasuwar Dole?"

"Ko wacce. Sunanta nake so."

"Baƙa ce dai. Bayanta ya tsage."

Rashid ya dafe goshi. "A ina kika tsaya da za ki ɗauka?"

"A tsakar gida mana, da a kan soro zan tsaya?"

"Kusa da su, ko can wajen zaure? Kin jawo hoton da yatsa?"

"Wa ya sani! Ni dai na ce ku yi dariya, Inna Hajjo ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Wai lafiya? Rahama, kina nan? Me ya faru?"

Na ɗauki salular na fita bakin shago na gaya mata. Shi ne karo na farko da na faɗi zancen da bakina tun daga farko har ƙarshe, ga ƙarar keken ɗinki, ga masu kabu-kabu suna ta oda. Da na gama, muryarta ta canza. Ta ce tana jin kamar a kusa ta tsaya. Ta ce a'a, kamar ta ja da baya don kowa ya shiga. Ta ce in yafe mata. Na ce me ta yi.

Rashid bai karɓi aikin kowa ba a kwanakin nan. Wani mawaƙi ya zo neman kilip ɗin waƙarsa, ya sallame shi daga bakin ƙofa. Ya matse hoton ya dawo da shi yadda yake zato asalinsa yake, har fuskokinmu suka koma namu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira ni.

"Zo ki gani. Ta zauna."

Koren zaren ya kwanta a kan ƙofar Inna kamar a nan aka haife shi. Na matso kusa da allon da murna. Ya danna wani abu, hoton ya kauce, sai ga gidanmu daga sama, zane kawai: ɗakin Inna, zaure, igiyar Baba Alkasum da shuɗin layi, da wata ƴar alama mai kamar mazurari wadda ya ce ita ce kamara. Tana tsakiyar fili. Wani jan ɗigo yana kusa da ɗakin Inna.

"Nan ne?"

"Tsaya tukuna."

Ya kama mazurarin ya ja shi baya har bakin zaure, ya tsuke masa baki. Ya dawo da hoton. Koren zaren yana nan a kan ƙofar, bai gusa ko kaɗan ba. Ya koma zanen sama. Jan ɗigon ya taso daga wajen ɗakin Inna ya dawo can kusa da zaure.

"Ban gane ba."

"In ta tsaya kusa da ido mai faɗi, haka ƙofar za ta fito. In ta tsaya nesa ta jawo, haka dai za ta fito. Ƙofar tana kallonmu ne gaba da gaba, shafaffiya ce, ba ta gaya mini zurfi. Da ina ganin inda tulun ya taɓa ƙasa, ko ƙafar mutum ɗaya, ko gefen hoton da aka datse, da na raba gardama."

Ya riƙa jan mazurarin gaba da baya a hankali. Jan ɗigon yana tafiya a jikin shuɗin layin, yana hawa kansa, yana sauka ta gefenmu, yana tsallakawa gefen Baba Alkasum. Aliya ta ce, "Kawu, kiyashi!" Ta sa yatsa a allon tana bin sa.

"Wanne ne gaskiya?" na tambaya.

"Ɗaya daga ciki."

"Yaya, kai fa ka ce abincinka ne."

"A aikina, in mota ta zauna ido ya yarda, an gama. Ba wanda yake zuwa da diga ya duba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ban taɓa buƙatar ta zama gaskiya ba sai yau."

Na ce ya ƙara gwadawa. Ya gwada da tsawon Inna a zaune, amma ba mu san ko a kan kujera ƴar tsugune take ba ko a tabarma, ita ma ba ta tuna ba. Ya gwada da girman tulun, ya tambaye ni awonsa. Tulu dai, na ce, irin na da. Na Mirriya ne ko na nan? Babba ko madaidaici? Na nuna da hannu, na ƙara buɗawa, na rage. Ya kalli hannuwana ya kau da kai.

Ranar Asabar da safe muka je Birni da kwanon toka. Rashid ya ja metir daga ƙofar Inna, yana duba takardar awonsa, yana zuba tokar a ƙasa. Da ya gama, abin da ya fito dogo ne siriri, kamar inuwar mutum da la'asar, ya kwanta a kan igiyar, rabi nan rabi can, tun daga kusa da ɗakin Inna har kusa da zaure.

Baba Alkasum ya bi shi da kallo daga wannan baki zuwa wancan.

"Rashidu, wannan ai bangon ne gaba ɗaya."

"Iyakar abin da na iya ke nan, Baba."

"Na'urar ba ta ce nan ko nan ba?"

"Ta ce nan, ta ce nan."

Tsohon ya waiwayi gidansa. Ta bayan tantinsa ina hango matarsa da ƴammatan sun leƙo. Ya je ya tuge turakun da kansa, ya matsar da igiyar cikin gidansa kamar faɗin tafin hannu biyu, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, in ya ƙara ƙofar ɗakin ɗansa ba za ta buɗu ba. Ya ce wa Nomau a ajiye diga, da fartanya za a yi, a hankali, kuma kada a zurfafa fiye da yadda gini zai tsaya. Sannan ya juyo gare ni, bai kalli idona ba.

"Saura ramin, ƴata. Dole ɗayan biyu, ko ta wajen zaure ko ta wajen ɗakin Hajjo. Tsakiya hanya ce. Ni duk ɗaya ne a wurina. Ke za ki faɗa."

Na dubi Rashid.

"Kada ki dube ni," ya ce a hankali. "In na zaɓa, ƙarya zan yi miki."

Na shiga wurin Inna. Tana zaune a bakin gado da carbi.

"Inna, kusa da ɗakin nan ne ko kusa da zaure?"

"Babanku ya ce a ɗan nisanta, kada ki riƙa gani daga ƙofa."

"To wajen zaure ke nan."

"Amma kuma na tuna ina tsaye a nan ina miƙa masa ruwa, ban yi wata tafiya ba." Ta ja carbi ɗaya. "Rahama, yaron nan yana inda ba ruwan sama, ba masai. Ƙasa ta karɓi abinta. Ki bar mutane su yi gininsu."

Na san gaskiya ta faɗa. Na sani a kaina. Amma ƙirjina bai ji ba. Na tsaya a bakin ƙofa na rufe ido, ina neman ranar. Ina kwance a ɗakin nan, zazzaɓi yana kaɗa ni, ina jin ƙarar haƙa, tim, tim. A kusa na ji ta. Sai dai a ranar komai a kusa nake jin sa, har kiran sallar masallacin Juma'a kamar a cikin kunnena ake yi.

Na fito na ce a haƙa ramin ta wajen zaure.

Ba a saba mace ta tsaya kan ma'aikata ba, amma na tsaya, ba wanda ya ce mini komai. Na aika Aliya gidan ƙanwar Inna. Nomau yana sara a hankali kamar mai tonon gyaɗa. Bai yi nisa ba fartanyar ta yi ƙwas. Ya sa hannu ya ciro katanga, baƙa, ya share ta da babban yatsa ya miƙo mini.

"Wannan ce, Hajiya?"

Na juya ta. Fasasshen tulu ne. Ya ƙara sara, ga wata. Gaba kaɗan ga wasu uku, ɗaya ja, ɗaya mai zane. Ƙasar Birni duk haka take, mutane sun daɗe suna fasa tukwane a kanta. Kowacce ya ciro sai ya ɗago ya dube ni, ni kuma in dube ta. Can wajen tsakiya ya tono wani ɗan farin abu kamar tsinke. Ya ɗora shi a tafin hannu, muka sunkuya mu uku. Nomau ya ce yana jin na kaza ne. Rashid ya ce bai sani ba. Baba Alkasum ya ce ƙashin jinjiri ba ya daɗewa haka a ƙasa mai laima, ya yi salati ya koma gefe. Na karɓa na ƙulle a bakin mayafina.

Da na ga sun kawo amalanke za su kwashe ƙasar su kai cikon rami a titi, sai na ce a'a. Duk abin da ya fito daga gurbin bangon, da ƙasar saman ramin har zuwa ƙugu, a juye mini ita a gefenmu. Nomau ya dubi Baba Alkasum, shi kuma ya ɗaga masa kai. Suka yi ta jido har la'asar. Ta taru ta yi tudu a tsakar gida, ya kai ƙirjina. Na tona gefensa na sa abin da ke mayafina, na tara katangun a kai.

Bangon ya tashi cikin ƴan kwanaki, miƙaƙƙe, toka-toka. Bayansa ina jin ƙarar buta da muryar ƴammatan Baba Alkasum, sun huta da yawon gidajen mutane, kuma ina yi musu murna, Allah ya sani. Tudun yana nan. Rashid ya ce tudun zai hana a gyara gidan, Inna ta ce sandarta kullum sai ta ci karo da shi. Na ce su bar mini shi zuwa baɗi. Na hana a zuba ruwan wanki a jikin bangon tun daga wannan baki har wancan. Ko yaron yana cikin tudun, ko ƙarƙashin siminti, ko can inda na nuna da bakina a haƙa, ban sani ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Ke da kike karanta wannan, in kina da naki a cikin wani gida, kada ki bari kunya ta rufe miki baki. Je ki tun tsofaffin suna gani, su taka miki wurin da ƙafa, ki auna shi daga abin da ruwa ba ya narkarwa. Ki ja da baya ki ɗauki hoto har da ƙasa, ki adana shi yadda ya fito daga salula, kuma in mai studiyo ya ce zai sa miki fure, ki ce masa ba kya so.